Wa Ya Tsaga Bango? Tsokaci a Kan Satar Kekuna a Harabar Jami'a

Mun so a ce a fitowar bana mun kawo wa masu karatu waƙa ko gajeren labari kamar yadda muka saba, to amma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya faru da wani ɗalibinmu a zangon karatun da ya wuce shi ya karkatar da alƙalaminmu zuwa ga batun da wasu za su ga bai isa a ɓata masa tawada ba, wato satar keke. Duk wanda ya ga haka muna roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta har ƙarshe, domin kuwa da shi muke, tun kafin mu kai ga ɓarawon.

Wannan ɗalibi, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, yana shekararsa ta ƙarshe. Bai sami gado a ɗakin kwanan ɗalibai ba, saboda haka yana zaune wurin wani kawunsa a Sabo, tafiyar fiye da awa guda a ƙasa. Kekensa tsoho ne, irin mai kariya a baya da ƙararrawa, wanda mahaifinsa ya aiko masa a saman motar shanu. Ana saura kwana biyu a fara jarrabawa ya jingine shi a gaban ɗakin karatu da hantsi, ya danna makullin nan na tayar baya, ya shiga. Da ya fito sallar azahar sai ya tarar da wuri wayam. Ya garzaya ofishin masu gadi, aka tambaye shi ko ya kulle, ya ce ya kulle. Aka tambaye shi lambar keken, ya ce bai san keke yana da lamba ba. Aka tambaye shi rasit, ya ce keken ya girme shi. Daga nan sai aka nuna masa allon da ke kafe a bakin ƙofa, wanda ke cewa duk wanda ya ajiye abin hawa, in ya ɓace ba ruwan hukuma. Aka ce ya je ya yi haƙuri. Ya yi haƙurin kuwa, ya kuma makara a jarrabawar farko har aka kusa hana shi shiga, ya ƙarasa sauran yana sammako tun asuba yana cin kuɗin abincinsa a motar haya.

Mun ba da labarin nan a ɗakin shan shayi na malamai, sai wani abokin aikinmu ya yi dariya ya ce, "Haba Malam, keke kawai?" Wannan kalma ta "kawai" ita ce tushen ciwon. Da motar wani farfesa ce ta yi ɓatan dabo a wannan wuri, da an rufe ƙofofin jami'a kafin la'asar, an kafa kwamiti kafin magariba, an dakatar da masu gadi biyu kafin gari ya waye. Alhali kuwa in aka auna asara da ƙarfin mai ita, farfesan zai hau motar matarsa gobe, shi kuwa ɗalibin abin da ya mallaka ke nan duniya da ke iya kai shi aji.

Ba haka keke yake a idon iyayenmu ba. Wanda ya tashi a Arewa ya san zamanin da malamin makaranta ko malamin asibiti ko ma'aikacin En'e in ya sayi Raleigh ɗan Ingila, unguwa ke fitowa kallo, a ɗaura masa tufa a sirdi, a goge shi da safe kamar doki. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa, talaka ma ya samu. A wancan lokaci keke yana da lasin, ana biya a ba ka 'yar lamba ka liƙa, ɗan doka kuma yana da ikon tsayar da kai ya duba. Wani abin mamaki shi ne har yau wannan aiki yana nan a rubuce: jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya lissafa ba da lasin kekuna da kwalekwale da baro da amalanke cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Kuɗin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 su suka fara sauke ma'aikaci daga keke suka ɗora shi a babur da mota, tun daga nan keke ya zama alamar wanda bai samu ba. Da Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya yi ƙoƙarin dawo da martabarsa a 2001, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja, wata motar bas ta ture shi cikin lambatu, 'yan ƙasa suka mai da abin wasan dariya. To ga shi yanzu dariya ta koma ciki. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000 a wurare da dama. Kekuna sun dawo harabarmu, ɗalibai da masinjoji da ma wasu malamai da ke hawa suna sunkuyar da kai. Ɓarawo ya lura da dawowarsu tun tuni, hukuma ce har yanzu ba ta lura ba.

Mu malaman adabi muna da wani fim da muke son ambata idan ana maganar yadda ƙaramin abu kan ɗauki nauyin rayuwa. Vittorio De Sica ya yi shi a Italiya a 1948, a kan ɓarayin keke. Wani magidanci ne a birnin Rum ya sami aikin liƙa takardun talla bisa sharaɗin yana da keke, matarsa ta jinginar da zannuwan gadonsu aka fanso keken, ranar farko da fara aiki aka sace shi. Ya kai ƙara wurin 'yan sanda, suka ɗauki abin da sauƙi kamar yadda aka yi wa ɗalibinmu. Ya yi ta yawon nema shi da ƙaramin ɗansa har ya gaji, a ƙarshe shi ma ya kai hannu ga keken wani, aka kama shi a gaban ɗan nasa. Mun sha nuna wa ɗalibai wannan fim muna magana a kan jigo da warwararsa, ba mu taɓa zaton za mu ga kashinsa na farko a ƙofar ɗakin karatunmu ba. Muna addu'a kada mu ga na ƙarshen.

Sai dai kada ɗalibai su ɗauka mun zo shafa musu kai ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mun zaga harabar nan da gangan muna duba yadda ake ajiye kekuna, abin da muka gani ya isa ya sa ɓarawo ya yi mana godiya.

Mu fara da makullin da ya yaudari ɗalibinmu, wato zoben nan da ke zuwa liƙe a tayar baya. Aikinsa ɗaya ne, ya hana taya juyawa. Bai hana a ɗaga keken ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyar zai saɓa shi a kafaɗa, ko ya ɗaga bayan ya tura shi a kan tayar gaba kamar mai neman wurin faci, ba wanda zai ce masa kanzil. Keken da ba a ɗaure shi da wani abu kafaffe ba, ko da kwaɗo goma a jikinsa, kaya ne da aka ɗaure wa mai ɗauka. Sai kuma siririyar wayar nan mai rigar roba mai launi, wadda ake buɗewa da lambobi, da ake sayarwa a bakin ƙofa da araha. Kaurin da ake gani na roba ne, ƙarfen da ke ciki bai fi tsinken tsire ba, filaya mai kyau za ta datse shi kafin mai keke ya gama sa hannu a rajistar ɗakin karatu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka nan sarƙar ɗaure kare da ƙaramin kwaɗon akwati, bugun guduma ɗaya ya ishe su.

Wasu kuma sun sayi sarƙar kirki amma sun ɗaura ta inda ba ta da amfani. Mun ga wanda ya zura ta cikin tayar gaba kaɗai. Sifana ɗaya ta isa a kwance tayar a bar masa ita ta zama abin tunawa, kekunan gwanjo na yanzu ma, 'yan Kwatano, da yawansu ba sa bukatar sifana, wani ɗan hannu ne ake ja taya ta fita. Mun ga wanda ya ɗaure a guntun turke da bai kai ƙugu ba, wanda za a ɗaga keken da sarƙarsa a zare ta sama. Mun ga wanda ya ɗaure a jikin ɗan itacen da adda za ta sare, da wanda ya ɗaure a shingen waya. Ƙa'idar ba ta da wuya: sarƙa ta ratsa ƙarfen jikin keken, ta haɗa da tayar baya wadda ta fi tsada, ta zagaye wani ƙarfe da aka binne cikin kankare. A ɗaure ta tamau, kada kwaɗon ya kwanta a ƙasa, domin ƙasa ita ce maƙerar da ɓarawo ke ɗora shi ya buga. Mai hali ya ƙara makulli na biyu wanda ba irin na farko ba, ya kama tayar gaba, saboda kowane iri da makamin da ke karya shi, ɓarawo kuwa ba ya son yawo da jakar kayan aiki. Sannan a daina ɓoye keke a bayan gini ko cikin duhun bishiyoyi da sunan kada a gan shi. Wanda ya ɓoye kekensa ya ɓoye ɓarawonsa ne. A ajiye inda ƙafa ke yawa, inda mai sayar da gyaɗa ko mai kwafin takardu ke zaune yini guda, a kuma gaishe su kullum, gaisuwa ba ta cin kuɗi.

Za a ce ai babu makullin da ba a karyawa. Gaskiya ne, kuma ba mu musa ba. Ko a Amurka, a 2004, an gano cewa wasu makullan kamfanin Kryptonite, waɗanda ake ji da su a duniyar kekuna, ana buɗe su da bututun biro, har kamfanin ya shiga musanya wa mutane. Yau kuma akwai injin yankan ƙarfe mai batir wanda ba abin da ke gagararsa. Amma wannan hujja ta malalaci ce. Abin da makulli ke saya wa mai keke shi ne lokaci da ƙara. Ɓarawon harabar jami'a mai sauri ne, yana neman abin da zai ɗauka cikin daƙiƙa kaɗan ba tare da an waiwayo ba. In ya ga kekuna biyu, ɗaya zai ci masa minti biyar da tartsatsin wuta, ɗaya kuwa ɗagawa kawai, ba sai an yi masa duba ba.

Akwai kuma masu cewa abin da Allah ya rubuta zai ɓace sai ya ɓace. Muna tunatar da su, su da suka fi mu zama gaban malamai, labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure tukuna sannan ya yi tawakkali. Har ila yau malaman fiƙihu ba su ɗauki duk ɗaukar kayan wani a matsayi ɗaya ba, sun sa sharaɗin a fitar da kayan daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irinsu a ciki, kafin a kai ga haddi. Ke nan tun can an san mai kaya yana da nasa aikin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Kalmar nan ta hirzi ita za ta mai da mu kan hukuma. Ina ma'ajiyar keke a jami'ar nan? Motocin manya suna da rumfa ta kwano, da fenti a ƙasa, da sunan muƙami a allo, da mai gadi a kan benci. Keke ba shi da ko turke. Ɗalibi ya ɗaure a ƙarfen matakala a ce ya tare hanya, ya ɗaure a sandar fitila a ce ya ɓata kyan wuri, ya shigar da shi ɗaki a ce doka ta hana. An hana shi duk inda zai ɗaure, sannan in an sace a tambaye shi me ya sa bai ɗaure ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa tambayarmu ita ce wa ya tsaga bangon.

Abin da ake bukata bai kai a kira shi kwangila ba. Akwai wani irin turke da ake kira da sunan birnin Sheffield na Ingila, bututun ƙarfe ne mai kauri da aka lanƙwasa kamar ƙofar baka, aka binne ƙafafunsa biyu cikin kankare. Keke biyu ke jingina da kowane ɗaya, a ɗaure jiki da taya gaba ɗaya. Kowane mai walda a bakin titi zai yi shi, balle jami'ar da ke da tsangayar injiniya da ɗalibai masu neman aikin gwaji. Muna gargaɗi tun yanzu, in an tashi yi kada a kawo mana ragar nan da ake cusa tayar gaba a ciki, domin tana lanƙwasa taya, kuma tayar kaɗai take kamawa. A kafa turakun a gaban ɗakin karatu da manyan azuzuwa da ɗakunan kwana, kusa da inda mai gadi yake zaune dama, a sa ƙwan fitila ɗaya a sama. Na biyu, tsarin da ake yi wa motoci a ƙofa, a ba ka ɗan faifai in ka shigo ka mayar in za ka fita, me ya hana a yi wa keke? Kasuwanni da tashoshin mota na garuruwanmu sun daɗe da sanin wannan dabara, yaro ɗaya da alli da guntayen kwali yana tsare kekuna da babura ɗari, ya rubuta lamba a sirdi ya ba ka 'yar'uwarta. Abin kunya ne a ce mai tsaron kekuna a kasuwar ƙauye ya fi majalisar dattawan jami'a dabara.

Za a ce babu kuɗi. Mun ji. Amma ɗalibi yana biyan kuɗin rajista kowace shekara, kuma ana biyan masu gadi albashi ko an sace keke ko ba a sace ba. Kuɗin rumfar mota ɗaya zai kafa turakun da za su ɗauki kekunan tsangaya guda. Shi kuwa allon nan na "ba ruwan hukuma", mun bar wa malaman shari'a su faɗi ƙarfinsa a kotu. Abin da muka sani a matsayinmu na masu nazarin harshe shi ne, magana tana da wanda ake faɗa wa da wanda ke saurare a gefe. An rubuta allon don mai keke, amma ɓarawo ma ya iya karatu, kuma abin da ya fahimta shi ne ba mai bin sawunsa.

Saura waɗanda ba a cika ambata ba. Ɓarawo ba ya sace keke don ya hau, yana sacewa ne don ya san akwai mai saye. Wani lokaci a wargaza shi a sayar da taya daban, sirdi daban, wani lokaci a shafa masa fenti a dawo da shi harabar da aka ɗauke shi. Wa ke saye? Mu ne. Ɗalibin da aka kawo wa keke da daddare a kan sulusin kuɗinsa, babu rasit, an kankare lambar jiki, ya ce ya yi tsintuwa, ya san abin da ya saya. Makaɗan ɓarayi irin su Gambu sun yi zamaninsu suna kambama masu hannu da yawa, muna nazarin waƙoƙinsu a aji a matsayin adabi, amma ba mu taɓa jin makaɗin da ya wasa mai sayen kayan sata ba, domin ko a cikin ɓarayi ba shi da kirari. Doka ma ta fi tsananta masa. A kundin laifuffuka da ake aiki da shi a yawancin jihohin Kudu, sashe na 390 ya yanka wa sata ta gama-gari ɗaurin shekara 3, sashe na 427 kuwa ya ba da damar ɗaure wanda ya karɓi irin wannan kaya yana sane har shekara 14. Masu gyaran keke da ke bakin ƙofa su ma su ji: wanda ya kawo muku sassan keke cikin buhu ba daga kanti ya fito ba.

Akwai abu ɗaya da muke tsoro fiye da satar kanta. Duk inda aka yi ta sata ba a kama kowa ba, ba a kuma saurari masu kuka ba, haushi yana taruwa, ranar da aka yi ihun ɓarawo sai ya sauka a kan wanda tsautsayi ya ratsa da shi. Mun ji wasu ɗalibai suna cika baki cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, wai ranar da suka kama shi sai dai uwarsa ta haifi wani. Muna tuna musu Aluu. A watan Oktoba na 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a wannan ƙauye, aka yi musu dūka aka cinna musu wuta bisa zargin sata, mutane suna tsaye suna ɗauka da waya. Mu da muke baƙi a wannan yanki, waɗanda ake ganewa da hula da harshe, mun fi kowa sanin yadda ihu ɗaya ke zama wutar da ba ta tambayar sunan wanda take ci. Wanda ya kama ɓarawo ya miƙa shi, ya tsaya ya ba da shaida, ya bi maganar har ƙarshe. Wannan ya fi dūka wahala, shi ya sa ba a son sa. Hukumar da ke ganin turke da faifan ƙofa sun yi mata tsada, ta lissafa abin da za ta biya ranar da aka rufe jami'a saboda gawa.

Mu a wannan sashe ba mu da ikon kafa turke, amma muna da littafi da biro. Kowane keke yana da lamba da aka buga a ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda ke juyawa, wani lokaci kusa da gindin sirdi ko inda tayar baya ke ɗaure. A kifa keken a goge ƙasa za a gan ta. Mun buɗe rajista a teburin sakataren sashe: suna, lambar ɗalibi, irin keken, launinsa, lambar jikinsa, da wata alama da mai shi kaɗai ya sani. Kowa ya ɗauki hoton kekensa da na lambar a wayarsa, wanda ke da rasit ya kawo a yi kwafi. Ba sai ɗalibin Hausa ba, duk wanda ya zo za a rubuta. Za mu kai wa ofishin masu gadi kwafi a ƙarshen kowane wata, mu karɓi sa hannu, don ranar da wani ya je kuka kada a sake samun bakin tambayarsa lamba. Ɗalibin da muka buɗe da labarinsa shi ya fara rubuta suna, da keken aro na kawunsa da sarƙar da ta kusa kai nauyin keken. Ana buɗe ofishin daga ƙarfe 9 zuwa 3, Litinin zuwa Alhamis.